Ruwan da Aka Liƙe da Dalma

Tabarma ɗaya. Buta. Ƙwarya mai ɗinki a baki. Carbi. Basilla da zare. Zane biyu. Likkafani a naɗe cikin tsohon mayafi. Iyakar abin da aka hau da shi ke nan.

A tsakiyar matakala Mukhtaru ya tsaya ya gyara goyo. Gwaggonsa Ummulkhairi ba ta da nauyi, amma gidan hawa uku ne, shi kuma bai saba ɗaukar abin da ya fi alƙalami ba. Magatakarda ne a wurin wani muɗawwafi, cikin masu yi wa alhazan Jawa jagora.

"Sannu, Babana," in ji ta. Sunan mahaifinta ya ci, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Da ka bar ni a ƙasa, da ba ka sha wannan wahala ba."

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, Gwaggo. Wata ɗaya ne. Alhazai na tafiya ki koma ɗakinki."

"Ubanka bai taɓa sa ɗakina a haya ba."

"Allah Ya jiƙan shi. Zamaninsa daban."

Duk unguwar Misfala, a nan Makka, haka ake yi. In aikin Hajji ya gabato, masu gida su kwashe su koma kan soro, a zuba baƙi a ɗakuna, abin da aka samu a ci shekara da shi. Amma ɗan ɗakin da ke bayan zaure, mai sanyi kamar gindin randa, ba a taɓa sa shi a lissafi ba. Na Ummulkhairi ne tun da aka yi ginin, kuma gwiwoyinta sun daina hawa tun kafin ɗan'uwanta ya rasu. Bana Mukhtaru ya auna ɗakin da ƙafa, ya ga zai ci mutum shida in sun kwanta a jere.

Ya sauke ta ƙarƙashin wata rumfa da aka haɗa da tsofaffin buhunan shinkafa. Hajjin bana ya faɗo tsakiyar zafi. Katangar soron ta fi mutum tsawo, ta tare iska amma ba ta tare rana ba. Randa ɗaya na tsaye a jikin bango. A ɗaya kusurwar an jera ƙananan gwangwanaye masu ƙyalli, an lulluɓe su da bargo. Ruwan Zamzam ne. An cika kowanne, mai liƙi ya rufe bakinsa da dalma yadda alhaji zai kai shi garinsu ko ɗigo bai zuba ba. Sai an sauko daga Mina masu saye ke karɓarsu.

"Waɗannan kada ki bari kowa ya taɓa," in ji Mukhtaru. "Ƙirgaggu ne. Kuɗin jirginmu ne."

"Wane jirgi?"

Aka kira shi daga ƙasa, ya sauka.

Amsar ta zo da la'asar a hannun Ramlatu, amaryarsa. Wata biyu da tarewarta, kuma da yake an ba da ɗakinsu haya, ya mayar da ita gidan iyayenta a unguwar Jarwal har a gama. Ta kawo shinkafa da wake a kwano, ta durƙusa ta gaishe da tsohuwar, sannan ta fiddo wani gwangwanin shayi daga ƙarƙashin mayafi.

"Ku duba, Gwaggo."

A jikin gwangwanin akwai zane: tsaunuka kore shar, itatuwan kwakwa sun sunkuya kan teku, wata mace da kwando a baya.

"Tsibirin Sarandib ke nan, inda ganyen shayi ke fitowa. Can za mu."

"Wa kuke da shi a can?"

"Ba kowa."

"To, ta'aziyya ce ko fatauci?"

Ramlatu ta rufe baki tana dariya. "Shaharul asal ake ce masa, watan zuma. Ya ce Misirawan da ke ofishin jiragen ruwa a Jidda, duk wanda ya yi aure sai ya ɗauki matarsa su tafi wani wuri su biyu. Ba aiki, ba baƙi. Kuma Gwaggo, ya ce kullum ruwa ake yi a can. Ruwan sama, har mutum ya gaji da shi."

A Makka aka haifi Ramlatu. Ruwan saman da ta sani shi ne wanda ke zuwa sau ɗaya bayan shekaru, ya gangaro Misfala ya tafi da awakin mutane.

"In don ruwa ne, ya kai ki Haɗeja da damina," in ji Ummulkhairi. "Kya gaji."

Mukhtaru ya hawo yana share zufa. Ya ji ƙarshen maganar.

"Kuma ziyara ce, Gwaggo. Malamai sun ce a can aka saukar da Annabi Adamu."

"Shi ai saukar da shi aka yi. Kai wa ya matsa maka?"

Ya yi murmushi, ya zauna kan katanga ya hau lissafi da yatsu, yana yi wa matarsa ba tsohuwar ba. Jirgin da zai mayar da alhazan Jawa yakan tsaya a Kolombo, tashar tsibirin, kuma maigidansa ya samo musu gurbi a rabin kuɗi. Saura na dawowa, da na masauki, da abinci, da laima, don an ce ba a yawo a can ba laima. Kuɗin haya ya ɗauke na dawowa. Gwangwanayen za su ɗauke na tafiya. Sauran kuwa sai an matse gida.

Ruwa aka fara matsewa.

Washegari ta ji su a matakala, shi da Sabo mai garwa, wanda ke kawo wa gidan ruwa tun Mukhtaru na rarrafe.

"Hawa uku fa, ya Mukhtar. Kuɗin ƙasa daban, na soro daban. Ni ba jaki ba ne."

"Tayyib. To maimakon kullum, ka riƙa hawowa bayan kwana bibbiyu."

"A wannan rana? Randar da ke soro ita ke shan rabin ruwanta da kanta."

"Tsohuwa ɗaya ce. Nawa za ta sha?"

Sabo ya hawo ya juye garwa biyu a randa. Ya dubi rumfar, ya dubi tsohuwar, ya ce, "Sannu, Inna," ya sauka.

Kwanaki suka fara kama da juna. Da safe inuwa na jikin katangar gabas, sai ta ja tabarma can. Da yamma ta ja ta yamma. Tsakanin azahar da la'asar babu inuwa ko'ina sai ta buhunan, ita kuwa tururi take yi kamar murfin tukunya. Ta koyi yin alwala a cikin ƙwarya, wanki ɗaya ɗaya, ruwan da ya taru ta jiƙa mayafi da shi ta ɗora a ka. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya. Leɓenta ya tsage. Daga ƙasa hayaniyar baƙi ke tasowa, da ƙamshin busasshen kifin da suke soyawa, da tarin wani tsoho a cikin ɗakinta. Ta san daga ɗakinta ne, don ta san yadda murya ke fita daga can.

Ramlatu ta rage zuwa. Tana ɗinkin kayan tafiya, kuma hanya ta cika da alhazai. In ta zo takan ce, "Gwaggo, kun rame," sai kuma ta ce, "Saura kaɗan ai."

Wata rana da hantsi wata tsohuwa cikin alhazan ta hawo shanya. Ta ga Ummulkhairi, ta tsaya. Ba wadda ke jin harshen wata. Matar ta sauka, ta dawo da mafici da ɗan kofi na shayi, ta zauna a gefen tabarmar tana yi mata fifita. Sun daɗe a haka. Da za ta tafi ta nuna ƙasa, ta nuna ƙirjinta, ta haɗa tafukanta ta ɗora kunci a kai: ki sauko ki kwanta a wurina.

Da maganar ta kai kunnen Mukhtaru sai ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar soro.

"Aibi ne, Gwaggo. Baƙi su koma garinsu su ce 'yan Makka na barin tsohuwarsu tana karɓar sadaka? Kuma kin ga kayan nan. Hannu da yawa ba shi da kyau."

"Babana, ka saukar da ni ko zaure ne. Zan kwanta a bayan ƙofa, ba zan tare wa kowa hanya ba."

"Zaure akwai mutum huɗu." Ya tsuguna a gabanta, ya sassauta murya. "Ke da kika tako daga Hausa har Sawakin da ƙafa, kika haye Bahar Maliya a kwalekwale, yau rana ce za ta ba ki tsoro? Kuma kin san abin da malamai suka ce. Wanda ya jure zafin Makka, wuta za ta nisance shi."

"To kai me ya sa kake gudun ladan?"

Ya yi dariya ya ce Gwaggo ba ta rabo da barkwanci. Ya fita, ta ji ƙarar kwaɗon.

Ranar takwas ga wata, da alhazai ke shirin fita Mina, Sabo ya hawo da garwarsa. Ya faɗa a fili, a gaban Mukhtaru, cewa shi ma ya tafi, kamar kowace shekara. Duk mai garwa a Makka Arfa zai kwana, inda ake sayen ruwa ninki uku.

"Sai an sauko za ka gan ni. Ka samo randa ta biyu in cika mata yanzu. Ko tulu ne."

"Wannan ta isa."

"Wallahi ba za ta isa ba."

"Khalas, shi ke nan, Sabo. Kwana huɗu ne. Kuma na bar wa maƙwabta sallahu."

Bai bar wa kowa sallahu ba, don maƙwabtan sun riga shi tafiya da tukwanensu na sayar da abinci. Haka dai ya faɗa wa Ramlatu, har ya ƙara da cewa wataƙila ma su ɗauke Gwaggo zuwa gidansu. Ya ajiye wa tsohuwar gurasa da dabino. Ya kulle ƙofar soro saboda gwangwanaye, ya kulle ta titi saboda akwatunan alhazai, ya zuba makullan a aljihu, don shi ma zai bi alhazai Mina.

"Don tsaronki ne, Gwaggo. In gari ya watse ɓarayi ke yawo."

Gari ya watse. Ummulkhairi ta shekara fiye da talatin a Makka, ta san shirun ranar Arfa, amma daga ƙasa ta san shi, cikin mata, lokacin da suke ɗaura zane su tafi Harami su sami Ka'aba ta zama tasu su kaɗai. Daga soro shirun daban ne. Tantabaru kawai ke sauka, suna tsattsagar danshin da ke gindin randa.

Ta ɗauki azumi, don ba ta taɓa barin na Arfa ba. Da hantsi ta ji ana buga ƙofar titi.

"Gwaggo! Gwaggo, kuna ciki?"

Muryar Ramlatu ce. Ummulkhairi ta dafa bango ta miƙe, ta buɗe baki ta amsa. Abin da ya fito bai wuce katanga ba. Ta sake gwadawa. Ta ɗauki buta ta buga a bango, butar ta yi ƙara kaɗan kamar ta tausaya mata.

"Ai ya ce maƙwabta za su ɗauke ta," in ji wata murya a ƙasa, ta uwar Ramlatu. "Taho mu tafi, rana na yi."

Takunsu ya yi nisa.

Da magariba ta leƙa randa. Sabo ya yi gaskiya, randar ta sha rabonta. Ta sha ruwa da abin da ƙwarya ta iya kwarfowa, ta ci dabino biyu. Gurasar ta ƙi wucewa.

Ranar Sallah ta karkata randar, ta sami abin da ya jiƙa harshe. Ta yi taimama a jikin katanga. Da rana ta take, ta ja jiki ta koma kusurwar gwangwanaye, don bargon ya fi buhunan kauri. Ta kwanta kanta na jingine da su. In ta motsa sai ta ji ruwan na motsi a ciki, ƙulum, ƙulum, dab da kunnenta.

Amana ce, in ji ta a ranta. Ƙirgaggu ne.

Ta yini a haka ta kwana. Washegari harshenta ya kumbura, ta kasa kammala Fatiha a bayyane. Ta daina zufa. Ta ga ɗan'uwanta marigayi tsaye a bakin ƙofa da tulu a kafaɗa, yadda yake lokacin da suke ƙetare Kurdufan a hanyar Makka, ta san kuma babu kowa a wurin. Wannan ne ya tsorata ta. Ba mutuwar ba, don likkafaninta na nan a naɗe, ita da kanta ta tsoma shi a Zamzam ta shanya a harabar Harami tun da ƙarfinta. Abin da ta ƙi shi ne a zo a same ta a kumbure a kan soro, kamar akuyar da aka manta a ɗaure.

Ta laluba ƙullin kayanta ta zaro basilla. Ta jawo gwangwani ɗaya ta matse shi tsakanin gwiwoyi. Basillar ta goce sau da yawa kafin ta sami gefen dalmar. Ta yi bisimilla ta danna da dukkan nauyinta.

Ruwan da zafi, kuma yana ɗanɗanon ƙarfe. Ta tsotse shi ta ƙaramar hudar, a hankali, har ya ƙare.

Kafin a sauko daga Mina ta huda uku. Ta jera su a gefen tabarma inda duk wanda ya shigo zai gani.

Da la'asar ɗin ranar sha biyu kwaɗon ya yi ƙara. Mukhtaru ya shigo da sabon aski da ƙurar Mina har gira, Ramlatu na biye da shi da kwanon naman layya.

"Alhamdu lillahi! Kin gani, Gwaggo? Ba abin da ya faru." Sai idonsa ya sauka kan gwangwanayen uku. Ya wuce ta, ya yaye bargon, ya hau ƙirga.

Ramlatu ta ajiye kwanon. Ta dubi fuskar tsohuwar, ta je ta zura hannu a randa har kafaɗa. Ta fito da shi a bushe.

"Ka ce maƙwabta..."

"Uskuti, yi shiru." Ya juyo da gwangwani ɗaya a hannu, yana duban hudar. "Gwaggo, me ya sa? Na riga na karɓi kuɗin waɗannan a Mina. Gobe da asuba masu su za su wuce Madina."

"Zamzam ai kyauta ce," in ji Ramlatu a hankali. "A sake cikawa."

"Ruwan ne kyauta. Gwangwanin fa? Dalmar fa? Wa zai liƙa mini yau, duk masu liƙi suna da layi har titi?" Ya koma kan tsohuwar. "Da kin ƙara haƙuri kaɗan. Kwana nawa ne duka?"

Ummulkhairi ta dube shi. Muryarta ta dawo, amma ƙanƙanuwa.

"Yaushe zan sauka ɗakina?"

Ya mayar da bargon, ya daɗe yana gyara gefensa.

"Wannan maganar ma ina so mu yi. Akwai wani Bahadrame, Balarabe ɗan kasuwa, yana neman wurin ajiye akwatunan shayi. Shekara zai biya gaba ɗaya, kuma shi ne kuɗin masaukinmu. Ke kuma kin saba da nan. Sanyi na tafe, soro ya fi ko'ina daɗi. Wata uku ne mu dawo. Sabo zai riƙa leƙo ki."

Ba wanda ya doke ta. Ba wanda ya zage ta. Da za a tambayi Misfala, da an ce Mukhtaru yaron kirki ne, a bayansa ya goya gwaggonsa har soro, kuma bai taɓa shiga wurinta ba sallama ba. Shi ma haka ya san kansa. Ya dai zauna ya kasa gidan kashi kashi, wannan na jirgi, wannan na masauki, wannan na laima, da ya zo kanta ya rasa inda zai sa ta, sai ya sa ta cikin abin da za a rage.

Ummulkhairi ta jawo tsohon mayafin ta kwance. Farin yadin ya fito, da kaushin Zamzam a jikinsa. Ta tura shi gaban ƙafafunsa.

"Ga wannan. A Zamzam aka wanke shi, alhazai na saye da tsada. Ya fi gwangwani uku."

"Haba, Gwaggo! A'uzu billahi. Wa ya ce ki biya?"

"Ka ƙirga. Wanda ya ƙirga, biya yake jira."

Ta zuba carbi da basilla a cikin ƙwarya, ta rataya buta a wuyan hannu. Ta ja jiki zuwa ƙofar soro. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ce, "Kada ka taɓa ni, Mukhtaru."

Hannun ya tsaya a iska. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

Da zama ta sauka, matakala bayan matakala, tana tura ƙwaryar gaba. Alhazan da suka dawo suka matsa jikin bango suna ba ta hanya. Ramlatu na biye da ita tana kuka, tana cewa ita ta fasa, wallahi ta fasa, tsibirin ya nutse. Mukhtaru na sama yana kira, "Ya Ammati, Gwaggo, mutane na kallo!" Farin yadin na hannunsa. Bai ajiye shi ba.

A ƙasa ƙofar ɗakinta na buɗe. Tabarmin baƙi shimfiɗe bango zuwa bango, an kafa sababbin ƙusoshi inda take rataye kayanta. Sanyin ɗakin ya taɓa fuskarta. Ba ta shiga ba.

A bayan kasuwar Misfala akwai ribaɗi, gidan waƙafi inda tsofaffin matan da ba su da kowa ke zama, kowacce da ɗan lungunta da tulunta. Ta sha kai musu sadaka. Ta dafa bango ta miƙe, ta zare sakatar ƙofar titi.

"Gwaggo, ku bari in raka ku. Wa zai kula da ku a can? In ta Allah ta kasance, wa zai..."

"Makka ba ta rasa mai binne baƙo ba. Koma, amarya. Ki je ki ga ruwan."

Ta fita. Ta jawo ƙofar da hannunta har ta ji ta zauna a mazauninta, sannan ta yi magana ta cikin katakon.

"Ki gaya masa ya ba da soron ma haya. Ba zan mutu a gidan nan ba."